Shekara Uku da Ake Ƙirga Ɗaya

Ma'aikaciyar jinyar da ta yi shekara 3 a Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Kano, ta kuma sami lasisi, idan ta nemi digiri a Jami'ar Bayero ta hanyar shiga kai-tsaye ta JAMB, aji biyu ake ajiye ta. Digirin shekara 5 ne, saboda haka sauran 4 ke gabanta. Jimilla 7 ke nan, alhali wadda ta shiga daga sakandare 5 za ta yi.

Hujjar jami'a ba ta rasa tushe ba: kwaleji ba ta zurfafa a dabarun bincike, kuma sai an cike wannan giɓi. Amma cike giɓi daban, maimaita gwajin hawan jini ga wadda ta daɗe tana yi daban.

Akwai ma ilimin da ba a sanya shi a ma'auni ko kaɗan, kuma nan ne ya shafi manazarta Hausa. Leburan majemar fata daga Challawa, ko direba daga tashar Na'ibawa, ba ya zuwa asibiti da sunan cuta na Turanci. Cewa zai yi “sanyi” ke damunsa, ko “shawara”, ko “basir”, kalmomin da kowace ke ɗauke da cututtuka da dama. Wadda ta yi aiki a ɗakin marasa lafiya ta san tambayar da za ta warware su.

Ya kamata jami'a ta shirya jarrabawar tantancewa da za ta yafe wa irin waɗannan ɗalibai darussan da suka riga suka ƙware a kai, Sashen Harsunan Nijeriya kuma ya tattara kalmomin daga bakinsu.