Kafin ki goge bidiyon suna daga wayarki

Yau ba maganar zazzaɓi ko rigakafi na zo da ita ba. Maganar waya ce, kuma abin da ya same ni ne ya jawo ta.

Bayan ƙaramar sallah ƙanwata ta haihu, muka tashi daga Gusau muka tafi Rawayya suna. Kin san taronmu na mata, kowa wayarta a sama. Da muka dawo aka ɗora mini aikin haɗa bidiyo, wai ni ce 'yar boko. Guntaye suka yi ta shigowa daga wayoyi biyar, wani a tsaye wani a kwance, wani ma ƙafafun mutane kawai ya ɗauko. Na zuba su cikin CapCut babu tsari, na yi dare uku ina yanka bayan na taso daga aiki. Sai waya ta ce wuri ya cika. Na goge guntayen, na share har kwandon shara, a zatona ai suna cikin manhajar.

Ashe ba sa ciki. Manhajar ba ta kwafe bidiyon, hanyar zuwa inda yake a waya kawai take riƙewa. Kina goge na asali, aikin ya zama fanko. Na sauran mutane an sake turo mini. Amma akwai minti biyu da ni kaɗai na ɗauka, Gwaggo, yayar babanmu, riƙe da jaririya tana sa mata albarka. Wata biyu bayan nan Allah ya yi mata rasuwa. Har yau ƙanwata ba ta ce mini komai ba, shirun ma ya fi yi mini ciwo.

To 'yar'uwa, ga yadda nake yi yanzu. Tun kafin in buɗe CapCut ko InShot, ina buɗe jaka guda a waya, in sa mata suna da kwanan wata, in tara komai a ciki. Masu turo miki ta WhatsApp ki roƙe su su turo a matsayin Document, domin turawar da aka saba tana matse bidiyo har fuska ta dushe. Sannan ki zauna ki kalli kowane guntu sau ɗaya, ki rubuta a takarda wanda za ki ɗauka. A asibiti ba ma miƙa aiki ga mai karɓarmu sai takardar majinyaci ta nuna abin da ya faru da safe kafin na rana. Haka ake jera suna: raɗin suna da safe, yankan rago, askin wanzami, sai wunin mata.

Dogon layin nan da ke ƙasan allo shi ne lokaci, daga hagu zuwa dama. Ki danne guntu da yatsa ki ja shi inda kike so. Ki buɗa yatsu biyu a kan layin ya faɗaɗa, sai ki ga daidai inda za ki yanka. Farin tsinken da ke tsakiya shi ne wuƙarki: ki tsayar da shi, ki taɓa Split, ki cire ɓangaren da ba ki so. Ki fara gama jeri da yanka kafin rubutu da kiɗa, domin idan kika sauya jeri daga baya, sai ki tarar rubutun ya koma kan fuskar wata. Kuma don Allah kada ki danne muryar tsofaffi da waƙa. Waƙar tana nan kullum, muryar ce ba ta dawowa.

Akwai yankan da ya fi na ado muhimmanci. Mai jego tana shayarwa, maƙwabciya mayafinta ya zame, yaro tsirara ana yi masa wanka: duk ki cire, ba su ba ki izini ba. A halin tsaron da muke ciki a Zamfara kuwa, ƙofar gida, lambar mota, sarƙar zinari da kuɗin liƙi ba abin sa wa a Status ba ne. Ni biyu nake yi, dogo na 'yan gida, gajere na waje.

Idan kin gama, ki taɓa Export ki jira ya kammala, ki kalle shi daga farko har ƙarshe a ma'ajiyar hotuna. Na turawa 720p ya isa, ba ya cin data sosai. Na ajiya ki sa 1080p. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma kada ki dogara da intanet kaɗai. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a jihar nan a Satumban 2021 mun san haka. Ki sayi memori ki kwafe jakar gaba ɗaya, har da guntayen da ba ki yi amfani da su ba. Nawa yana cikin ambulan ɗaya da katin rigakafin yara.