Rashin Haihuwa: A Auna Tukuna, Kana A Yi Hukunci

Sananne ne a ƙasar Hausa, in mace ta yi shekara biyu ko uku a ɗakin miji ba ta sami ciki ba, sai a kira ta juya. Daga nan dukiya ta ƙare wajen masu tallan magani a kasuwa, wani sa'i har aure ya mutu, alhali ba wanda ya san ainihin inda cutar take. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne, abin da falke mai hankali ba ya yarda da shi.

To, ga wata na'ura a asibitoci, wadda jama'a ke kira hoton ciki, ko sikanin. Wani likita, Ian Donald, na birnin Gilasgo a ƙasar Sikotilan, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninta a shekarar 1958. Sauti take aikawa cikin jiki, wanda kunne ba ya iya ji, ya dawo kamar amsa-kuwwa, ya zama hoto. Ba yanka, ba zub da jini.

Da ita likita kan ga siffar mahaifa, da kaurin shimfiɗarta, ya ga ko akwai ƙari a ciki, ko ƙananan ƙulle-ƙulle a ma'ajiyar ƙwai. Babban amfaninta kuwa shi ne bin girman ƙwai. Daga wajen kwana 10 da fara haila akan maimaita awo, har jakar da ƙwan ke ciki ta kai kamar santimita 2. A nan ne ake gane lokacin da ciki ya fi saurin shiga, a kuma gane ko maganin da aka bayar yana aiki.

Amma fa a lura, hoto ba magani ba ne, kuma ba kome yake nunawa ba. Toshewar hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa sai da wani gwaji dabam. Haka kuma hoton mace ba ya wanke namiji, gama sau da yawa matsalar daga wajen miji take, sai an auna maniyyinsa a sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya kan gamu da wannan jarrabawa, maza da mata.

Saboda haka ya kamata malamai, waɗanda ake kai wa wannan kuka tun da fari, su haɗa addu'a da nasiha, su ce wa ma'aurata su je awo tare in shekara ta cika ba labari. Wadda ke jin nauyi ta nemi mace ta duba ta. Attajirai kuma su taimaki marasa hali da kuɗin awo. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, zaluntar baiwar Allah bisa zato shi ne abin tsoro.

Allah Ya ba kowa zuriya ɗayyiba, amin.