Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona Ta Samaru Da Hukumar NBMA: A Tuna Da Masu Masarar Bayan Gida



Ranku ya daɗe, na rubuto ne a kan wani rukunin manoma da ba a cika sa su a lissafi ba: mata da dattawa da ƙananan ma'aikata masu shuka masara a garka, ko a kangon maƙwabci, ko cikin buhunan siminti a tsakar gida. Tsadar abinci ta ƙara yawansu a Zariya, Kano, Funtuwa da sauran garuruwanmu. Kunya biyar ko goma da suke nomawa ita ce ke ba yara gasasshiya da dafaffiya a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

A watan Janairun 2024 aka amince da fitar da masarar TELA iri huɗu, daga SAMMAZ 72T zuwa 75T, waɗanda masanan Samaru suka samar tare da gidauniyar AATF, bayan NBMA, hukumar da ke sa ido kan amfanin gona da aka sauya wa halitta, ta ba da izini a 2021. An sanya mata ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, domin ta kashe tsutsar da ke huda kara da kuma tsutsar nan mai cinye ganyen masara da ta shigo mana a 2016. Duk wanda ya taɓa buɗe zuciyar masararsa da safe ya tarar da ita cike da kashin tsutsa kamar dusa, ganye duk huji, ya san wannan bincike ba aikin banza ba ne. Rage feshin magani a kusa da rijiya da wurin wasan yara ma alheri ne babba.

To amma jama'a na cikin ɗar-ɗar. A majalisu da gidajen suna ana ta cewa wannan masara tana hana haihuwa, tana kawo daji, tana kashe ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa irin waɗannan abinci da ke kasuwannin duniya sun tsallake gwajin lafiya, sai dai wannan bayani ya tsaya a tarukan Abuja da takardun Turanci. Mun ga abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan inna a 2003. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka nake ba ku shawarwari huɗu.

Na farko, a tabbatar da alama. Mai garka ba ya sayen buhu, mudu ko rabinsa yake auna a kasuwa, ya ci wani ya shuka wani. Da zarar an farke leda an juye a faifai, ba mai iya bambance TELA da sauran masara da ido. Ku haɗa kai da Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa a riƙa ƙulla irin a ƙananan ledoji, da rubutun Hausa na boko da na ajami, da tambari wanda ko marar karatu zai gane. Mutum yana da haƙƙin sanin abin da yake binnewa a bayan ɗakinsa.

Na biyu, a yi bayanin barbara. Iska ce ke ɗaukar garin furen da ke saman kara ta zuba a kan gemun masara, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa. Katanga ba ta tare wannan gari. Masu samar da iri kan bar tazarar ɗaruruwan mitoci tsakanin gonaki, abin da ba zai yiwu a cikin unguwa ba. Abin da zai yiwu shi ne tazarar lokaci, a bar kamar mako uku tsakanin shukar wannan da ta wancan, don kada su yi fure tare. Malaman gona su shiga rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure su koyar da wannan.

Na uku, a faɗi gaskiya game da ajiye iri. TELA irin aure ne, kuma duk irin aure, ko an taɓa halittarsa ko ba a taɓa ba, amfaninsa raguwa yake idan aka sake shuka 'ya'yansa. Ma'ana, duk shekara sai an koma an saya. Uwar gidan da ta saba zaɓar manyan goyo ta rataye su a saman murhu hayaƙi ya tsare mata su har wata damina, ya kamata ta ji wannan daga bakinku tun kafin ta rabu da nata.

Na huɗu, a ceci irin gargajiya. Meziko, inda masara ta samo asali, ta sanya haramcin shuka wadda aka sauya wa halitta cikin tsarin mulkinta a 2025 domin kare irin kakanninta. Ba na cewa mu kwafe su, amma kishin irin gida abin koyi ne. Ku zagaya ƙauyuka ku tattara fara da ja da 'yar wuri da ke hannun tsofaffi, ku adana a Samaru da rumbun adana iri na NACGRAB da ke Ibadan, ku kuma ci gaba da wadata kasuwa da irin da manomi zai iya maimaitawa.

Ranku ya daɗe, iliminku amana ne a hannunku, yardar jama'a kuma ba a samunta da umarni. Ku sauko ku yi mana magana da harshenmu kafin ruwan shuka ya sauka, ku bar wa kowane gida zaɓinsa. Allah ya yi muku jagora, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani mai noman bayan gida, Zariya.