Neman Aiki Bayan Bautar Ƙasa: Hannunka Mai Sanda Ga Mutanenmu Na Kurmi

A ko wace shekara jami'o'in ƙasar nan suna yaye dubban samari da 'yan mata, kuma yanzu a cikinsu akwai 'ya'yan mutanenmu mazauna Kurmi, waɗanda aka haifa a Agege da Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu da Fatakwal. Iyayensu fatake ne da mahauta da 'yan goro da masu gadi, waɗanda suka ƙuntata wa kansu har yaran suka sami digiri. To, amma samun digiri daban, samun aiki daban, kuma akwai wata matsala da ta fi damun waɗannan yara, wadda ya kamata a dube ta da idon basira.

Matsalar kuwa ita ce ta takardar shaidar asali. Tun a tsarin mulkin 1979 aka shigar da ƙa'idar raba ayyukan gwamnatin tarayya daidai tsakanin jihohi, a 1996 kuma aka kafa hukuma ta musamman don lura da ita. A bisa wannan ƙa'ida ba a duban inda aka haifi mutum, sai ƙaramar hukumar da iyayensa ko kakanninsa suka fito. Saboda haka yaron da aka haifa a Agege, ya yi firamare da sakandare a can, galibi ba a lissafa shi cikin 'yan jihar Ikko. In ya nufi gida kuma, sai a ce ya kawo mai unguwar da ya san shi. Ka ga ya zama jemage ke nan, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba.

Maganin abin yana hannun iyaye. A kai yaro gida tun yana makaranta, a gabatar da shi ga mai unguwa da dagaci da hakimi, a karɓo masa takardar daga ofishin ƙaramar hukuma a ajiye. Yau ta intanet ake cika takardun neman aikin gwamnati, cikin 'yan makonni kuma a rufe. Wanda sai an yi sanarwa zai hau motar Katsina ko Sakkwato, kafin ya komo an gama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka kuma a lura da suna da ranar haihuwa. Sau da yawa za ka tarar an rubuta Muhammadu a takardar sakandare, Mamman a katin ɗan ƙasa, shekarun haihuwa kuma sun saɓa. Kwamfuta ba ta karɓar uzuri. A gyara tun da wuri, a haɗa da takardar gama bautar ƙasa, wadda ta zama tilas tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin a 1973. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu, sai ya karɓi takardar da ta ɗauke masa.

Bayan wannan, kada samarinmu su zuba wa aikin gwamnati ido kaɗai. Gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, amma manyan bankuna da kamfanonin waya da masana'antun Ikeja da tashar jiragen ruwa ta Apapa duk suna nan Ikko, ga kuma matatar man Dangote da aka ƙaddamar a Lekki a 2023. Kamfani bai cika damuwa da asalinka ba, abin da za ka iya yake dubawa. Sai dai da yawansu suna ƙayyade shekaru, wasu 26 ko 27, don haka zaman jiran tsammani asara ne.

A nan ne ɗan Kurmi ya fi tsaransa gata. Yaron da ke jin Hausa da Yarbanci da Turanci, kamfanin da ke kai kaya Arewa yana bukatarsa. In ya taɓa riƙe wa mahaifinsa littafin lissafi a kara ko a kasuwar tumatir, wannan ma sanin aiki ne, sai ya rubuta shi a takardar bayanin kansa. Kada takardar ta wuce shafi biyu, kuma a gyara ta daidai da aikin da ake nema. Ranar ganawa a isa da wuri, a kuma san abin da kamfanin ke yi.

Sai batun macuta. Jama'a ba su manta da watan Maris na 2014 ba, lokacin da masu neman aikin hukumar shige da fice suka cika filayen wasa, aka yi turereniya har aka rasa rayuka. Wannan ya nuna inda ƙishin aiki ya kai, kuma da wannan ƙishi ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya sayar da gurbi, a guje shi.

Daga ƙarshe muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da su tattara sunayen 'ya'yansu masu digiri, su kuma tuntuɓi gwamnatocin jihohin Arewa don a sauƙaƙa ba da takardar asali ga waɗanda aka haifa a nan. Wahalar da iyaye suka sha ta fi ƙarfin a bar takarda guda ta mai da ita banza.