Wane tallafi ne ke isa Balan?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta zarce 1,000. Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin rage raɗaɗi: Naira biliyan 5 ga kowace jiha, da Naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15.

Akwai sauran wani tallafi da ba a cika maganarsa ba, wato na wutar lantarki. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A daga Naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, ta bar sauran rukunoni a kan tsohon farashi, gwamnati tana cike giɓin daga baitulmali. Sai dai wannan tallafi waya yake bi. Gidan da ya fi samun wuta shi ya fi morarsa, wanda turaku ba su kai ƙofarsa ba kuwa ba ya ganin ko kwabo, alhali dukiyar ta kowa ce.

Mai karatu ya dubi Balan a ƙaramar hukumar Gaya, da ƙauyukan Ajingi da ke maƙwabtaka. Makamashin mutumin karkara a jarka yake zuwa. Da mai ake tayar da injin niƙa da injin ban ruwa, da shi ɗan acaɓa ke kai mara lafiya asibiti, da janareta mai cajin waya ke neman abincinsa. Idan lita ta tashi, kuɗin niƙan kwanon dawa ya tashi, uwargida ce ke fara jin nauyin tun kafin ta ɗora tukunya. Ɗalibi kuma ya yi bitar karatunsa da tocila. An cire tallafin da ke isa gare su, an bar wanda ba ya isa.

Magabata ba su yi rabo a makance ba. A Shekarar Ramada, shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Madina, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya nemi abinci daga gwamnoninsa, ya sa aka ƙidaya masu ci, ya tsaya da kansa a kan rabon.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, saboda haka Gwamnatin Kano ba ta da hujjar jiran Abuja. Muna ganin ya fi dacewa a karkatar da wani kaso na tallafin zuwa injinan ban ruwa da na niƙa masu aiki da hasken rana, a bayar bashi marar ruwa, a biya bayan girbi. A fara da asibitocin mazaɓu da rijiyoyin burtsatse. Sunayen waɗanda suka amfana kuwa a manna su a ƙofar gidan dagaci, limamai su karanta su bayan sallar Juma'a, domin wanda aka ƙetare ya san inda zai kai kukansa.