Kafin Ka Zare Toshiyar Salansa



A hutun da ya wuce muna zaune da yamma a rumfar wani bakanike a Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, sai ga wani ɗan aji biyar na sakandare ya turo Boxer ɗin yayansa. An sa wa babur ɗin sabuwar salansa ta kwalliya, irin wadda ake saye daban a kasuwa. Buƙatarsa ɗaya ce: a zare masa ɗan bututun nan mai huji-huji da ke cikin bakinta, wanda noti ɗaya ke riƙe da shi, don babur ya riƙa ruri. Bakaniken ya dube shi ya ce, "Ɗana, ƙara ba gudu na ba." Yaron bai yarda ba. Mu ma da muke kamarsa ba mu yarda ba, shi ya sa muka kawo maganar nan yau.

Mu fara da batun gudu, tunda shi ne hujjar masu fasa salansa. Injin babur yana shaƙar iska da fetur a haɗe, ya ƙona su, ya fitar da hayaƙi. Kafireto ne ke auna wannan haɗi, kuma an saita shi daidai da yadda hayaƙin ke fita. Idan ka zare toshiyar, fitar hayaƙi ta canza, kafireto kuwa yana nan yadda yake. Sau da yawa sai iska ta yi wa fetur yawa. Injin ya riƙa zafi fiye da kima, bakin fulogi ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa, a hankali bawul ya fara cinyewa. A ƙaramin inji kamar na Boxer, ƙarin ƙarfin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Sau tari ma ƙarfin tashi ne ke raguwa, wato wanda kake buƙata in ka ɗauko buhun gero ko ka shiga yashi. Kunne ne kawai ke ruɗar mutum, ya ji ruri ya ɗauka gudu ne. Ga shi mai jin daɗin ƙara ba ya daina murza totur, alhali kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023.

Inji dai ana gyarawa. Kunne ne ba shi da bakanike. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirarmu ta yau da kullum tana wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, in an kai 100 minti 15 kacal. Babur mai buɗaɗɗiyar salansa yana iya kaiwa can. To ku lissafa tafiya daga Fakku zuwa Tambuwal da dawowa, kuna zaune a kan wannan ruri.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Abin ba ya zuwa da ciwo ko jini. Alamarsa ta farko ita ce ka sauka daga babur ka ji kunnenka na "wiii", ko ya yi dum. Daga baya sai ka tarar kana jin muryar malami daga bayan aji amma ba ka tantance kalmominsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yawan ƙara. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wasu za su ce, "Ai ƙarar ce ke sa a ji zuwana a kauce." Mun ji. Amma ina bakin salansa yake kallo? Baya. Motar da za ta shigo maka, da yaron da zai tsallaka titi, da garken shanu, duk a gabanka suke. Ƙarar salansa ihu ce bayan hari. Abin da ke kallon gaba shi ne hon da fitila, sai birki mai kyau da hular kwano.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Babur ɗin da aka zare wa toshiya, in aka saki totur yakan yi ta-ta-tas kamar harbi. A yankinmu, a wannan lokaci da zukata ke ɗar-ɗar saboda matsalar tsaro, wannan ba wasa ba ne. Ku yi tunanin tsohuwa mai hawan jini ta ji shi da tsakar dare, ko mai jego ta suri jariri ta yi waje, ko masu tsaron gari su ɗauka wani abu ne daban. Kai kana ganin gayu, wani yana can yana salati. Ban da masu salla, da marasa lafiya, da 'yan'uwanku masu karatun jarrabawar WAEC da NECO. Hukuma ma ba ta bar abin haka ba, domin tun 2009 hukumar kula da muhalli ta NESREA take da ƙa'idojin taƙaita ƙara. Mu tuna kuma, lasisin tuƙi sai mai shekara 18.

Shawararmu ita ce a bar toshiyar inda take. Idan an riga an zare, a nemo ta a mayar, aikin minti biyar ne. Idan kuwa babur ba ya ja, a wanke iya-kilina, a duba fulogi, a canza baƙin mai a kan lokaci, a ɗaure sarƙa daidai, a cika iskar taya. A nan ƙarfin yake ɓuya.

Shi wancan yaro, daga ƙarshe fulogi kawai aka canza masa, ya tafi yana ƙunƙuni. Muna fata ranar da ya zauna a ɗakin lacca na jami'a yana jin malami tun daga kujerar baya, zai tuna da bakaniken nan ya sa masa albarka.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.