Raddi ga Mai Cewa Ma'aunin Yawan Ciniki Duba Ne

Wani ɗan'uwa malami ya ce ma'aunan yawan ciniki a kasuwar hannayen jari duba ne aka sa masa rigar ilimi. Hujjojinsa uku ne. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, domin matasanmu da dama sun zuba guminsu a wannan harka.

Da farko ya ce masu sayar da manhajar waya ne suka ƙago su jiya-jiya. Tarihi bai goyi bayansa ba. Tun 1867 Edward Calahan ya ƙera na'urar da ke buga cinikin kasuwar New York a kan siririyar takarda. Richard Wyckoff ya rubuta littafi a 1910 kan yadda ake karanta takardar, ana duba farashi tare da adadin da aka sayar. Almajiran Charles Dow, irin su Robert Rhea a 1932, sun koyar cewa tashin farashi na gaskiya yakan zo da ƙaruwar ciniki. Sai a 1963 Joseph Granville ya mai da abin lissafi: ranar da farashi ya rufe sama a tara cinikin ranar, ranar da ya rufe ƙasa a ɗebe shi.

Na biyu, ya ce duk mai sayarwa da mai saye a gabansa, don haka adadin bai faɗa mana kome ba. Farkon maganar gaskiya ce, amma a ƙarshenta aka yi tuntuɓe. A tambayi dillalin hatsi a Dawanau: gero ya tashi a kan buhu goma, da gero ya tashi tireloli na lodi tun safe, ɗaya ne? Na farko mutum biyu ma sun isa su shirya shi, na biyu kuwa kasuwa ce ta yi magana. Jonathan Karpoff ya tattara binciken masana a 1987, ya nuna manyan motsin farashi suna tafiya da yawan ciniki. A 1994 Blume da Easley da O'Hara suka bayyana yadda adadin ciniki ke ɗauke da labarin da farashi shi kaɗai ba ya bayarwa. Har yau manyan asusun fansho suna auna aikin dillalansu da matsakaicin farashin da aka lissafa bisa nauyin ciniki.

Na uku, ya ce Granville da kansa ya tafka kuskure. Nan na sallama masa. A Janairun 1981 Granville ya ce a sayar da kome, kasuwa ta girgiza. Amma da ta fara hawa a Agustan 1982 ya nace kan faɗuwa, mabiyansa suka ji jiki. Zan ma ƙara wa malam hujja: ma'aunin Granville yana jingina cinikin yini guda ga ɓangare ɗaya ko da kwabo farashi ya motsa. Haka kuma, kasuwar canjin kuɗi ba ta da rumbu ɗaya da ake ƙirga ciniki. A 2019 kamfanin Bitwise ya gaya wa hukumar kula da hannayen jari ta Amurka cewa kusan kashi 95 cikin ɗari na cinikin Bitcoin da ake bugawa na bogi ne.

Sai dai samun shaidar zur bai sa alƙali ya daina karɓar shaida ba. Tantancewa yake yi. Adadin ciniki shaida ne kan abin da ya riga ya faru, kuma laifin Granville shi ne da ya tambaye shi labarin gobe. Wanda zai yi amfani da shi ya fara binciken wa ya ƙirga, a ina aka ƙirga. Gobe kuwa Allah kaɗai ya san ta.